Baba Sannu, Ɗan Siyasar Ɗakin Sanyi

Ƙarfe bakwai saura kwata yake jingine kekensa a bangon ɗakin wanki, ya bi doguwar barandar nan ta bayan asibiti, wadda ko masu shara ba sa son daɗewa a cikinta. Fitilu huɗu ne a barandar. Biyu sun mutu tun ba a san ranar ba, ta uku kuma sai ƙyafta ido take yi kamar mai jin barci. A ƙarshenta akwai ƙofar ƙarfe mai ruwan toka, ba rubutu a jikinta, don kowa ya san ta mutuware ce, ɗakin ajiye gawa. Yakan tsaya a gabanta da makulli a hannu, amma ba ya buɗewa sai ya ƙwanƙwasa sau uku. Sai ya ɗan dakata, kamar mai jiran a ce masa ya shigo.

Ba mai amsawa daga ciki, shi ma ya sani. Duk da haka shekara talatin da uku ke nan bai taɓa faɗa musu ba sallama ba.

"Sannunku da hutawa," in ji shi, yana rataye hularsa a ƙusa.

Daga nan sai ya kasa kunne ga kukan injin sanyi, don da kunne yake gane lafiyarsa kafin ya dubi ma'aunin. Sai ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana ba su labarin gari. "Kai na lamba huɗu, 'yan'uwanka sun bugo waya, suna hanya. Ke kuma baiwar Allah, a ƙara haƙuri, ba a gane ki ba tukuna, amma ana cigiya." Wata mai shara da ta taɓa jin sa ta bayan taga ta yar da tsintsiya ta gudu, ta kwana biyu ba ta zo aiki ba. Tun daga lokacin sunansa na yanka ya ɓace, kowa Baba Sannu yake ce masa.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma na san ba za a yi wani taro ba. Mutumin da in ya zauna a ɗakin cin abinci sai a bar kujera guda tsakaninsa da na kusa, wa zai haɗa masa taro? In an gan shi tafe, daga nesa ake dafa ƙirji a gaishe shi, kada gaisuwa ta kai ga musabaha. Shi kuwa dariya abin yake ba shi. "Ku yi ta gudu," yakan ce, "duk wurina za ku zo, ni kuma ba na riƙo." Wannan ne ya sa na ɗauki biro, don a ce ko mutum ɗaya ya miƙa masa hannu.

In ka tambaye shi mene ne aikinsa, ba ya cewa gadi ko ajiya. Cewa yake yi siyasa. Kalmar nan ta taɓa ja masa magana. Shekarun baya an kawo wani sabon jami'in mulki, matashi mai son tsari, wanda ba a taɓa ganinsa ba fayil a hammata ba, har aka sa masa Oga Fayil. Ya bi ma'aikata da takarda, kowa ya faɗi aikinsa a rubuta. Da ya iso bakin ƙofar ƙarfe, bai shiga ba, daga waje ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, rubuta siyasa," in ji Baba Sannu.

Bayan kwana uku sai ga takardar tuhuma. Wai ya yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa yake harkar siyasa a wurin aiki, ya kuma faɗi jam'iyyar da yake wa aiki. Babbar nas ta ɗakin maza, wadda kowa ke kira Sista, ita ta karanta masa takardar, ta yi dariya har da hawaye. Shi ko bai ko yi murmushi ba. Ya ce a rubuta masa cewa jam'iyyarsa ta fi kowace yawan jama'a, kuma tun da ya shiga bai ga wanda ya sauya sheƙa ba.

Laifin ba na Oga Fayil kaɗai ba ne. Mu duka mun bar masu fosta da lasifika sun ƙwace kalmar, har in an ce siyasa ba abin da ke zuwa mana a rai sai ƙuri'a da alkawarin da ba a cikawa. Baba Sannu a bakin kakarsa ya ji ta da tsohuwar ma'anarta. In jariri mai rarrafe ya damƙi wuƙa, kowa ya yi kansa da ihu, ita sai ta ɗaga hannu ta ce, "Kada ku fizge, ku yi masa siyasa." Sai ta durƙusa, ta nuna masa cokali, ta yi ta yi masa wasa har ya saki wuƙar don kansa. Siyasa ke nan: a bi mutum a hankali, a gano ta inda za a shiga masa, a raba shi da abin da zai cuce shi ba tare da an yanke masa hannu ba. Shi ya sa har yau za ka ji dattijo ya ce wane ba shi da siyasa, ba yana nufin bai yanki katin jam'iyya ba, nufinsa mutumin gatsal yake magana, bai san yadda ake tausasa zance ba.

Na taɓa ce masa ai wannan wayo ne kawai aka canza wa suna. Ya ɓata rai. "Wayo daban," in ji shi. "Mai wayo so yake ya ci, kai ka faɗi. Daɗin baki kuma ƙarya ce aka sa wa turare. Ita siyasa ba a ƙarya a cikinta ko kaɗan. Gaskiyar nan ce dai mai zafi, sai dai ka nemo mata mariƙi kafin ka miƙa wa mutum."

Kai ne, Baba, ba ka taɓa yaye mayafi daga fuskar mamaci gaba ɗaya a gaban danginsa ba. Hannu kake fara nuna musu, ko ƙafa, ka bar su su gane nasu da kansu, sannan ka tambaya ko suna son ganin fuska. Kai ne ka zaunar da wa da ƙane da suka shekara goma ba sa ga maciji, suka zo suna jayayya a kan wanda zai sa hannu ya karɓi uwarsu, ka ce takardar tana da layi biyu, kuma tsohuwa tana jin su. Su biyun suka sa hannu, suka fita da ita a mota ɗaya. Amma abin da ya sa Sista ba ta iya ambaton sunanka ba tare da ta sassauta murya ba, wata rana ce daban.

Ranar da safe, wajen ƙarfe takwas, wani kafinta ya cika a ɗakin maza. Mutum ne ƙaƙƙarfa, bai kai arba'in ba, ciwon kwana uku ya kayar da shi. Uwarsa na zaune a gefen gado lokacin, hannunta na dama cikin nasa. Tsohuwa ce 'yar firit, ga ciwon suga, ga hawan jini. Auta take ce masa, shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'ya biyar. Da ya cika ba ta yi kuka ba. Ɗaya hannun ta sa ta naɗe 'yan yatsunsa a kan nata, ta ci gaba da zama. Nas-nas suka ja labule suka ƙyale ta, ana jiran dangi, dangi ba su zo ba. Awa huɗu tana nan. Da aka zo ɗaukarsa don ana bukatar gadon, sai aka tarar gawa ta sandare, 'yan yatsun kafinta sun kulle a kan hannun uwarsa kamar an ɗaure da waya.

"Kun gani ko?" in ji ta, muryarta a kwance. "Shi ya riƙe ni. Ba ya so in tafi."

Mai tura gado ya rasa yadda zai yi. Ya tura, ita kuma tana biye a gefe, har ƙarshen doguwar baranda. Baba Sannu ba ya nan, ya je ofis karɓo takardu. Sai mai tura gado ya yi dabarar da yake gani ita ce mafita: ya shigar da gadon can cikin ɗakin sanyi, wai in sanyi ya ratsa ta za ta nemi fita da kanta. Ya fito ya tsaya yana jira. Ba ta fito ba.

Sa'ad da Baba Sannu ya dawo, ƙarfe ɗaya ta wuce, tsohuwa ta kusa awa guda a ciki. Ya tarar da cincirindo a bakin ƙofarsa: Sista, mai tura gado yana ta rantse-rantse, masu gadi biyu, da Oga Fayil. Sista ta ba shi labarin tsohuwar da Autanta a gurguje. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango ta durƙushe a kan siminti, hannunta a sama cikin na ɗanta, hayaƙin numfashinta na fita sama-sama. Leɓɓanta sun koma ruwan toka. Abin da ya fi tayar wa Sista hankali shi ne ta daina rawar ɗari, kuma duk ma'aikacin asibiti ya san abin da ke biyo bayan wannan. An gwada turo gadon waje, ta rungume ƙafarsa da ɗaya hannun ta ce ba inda za a kai mata yaro.

"A ɓanɓare hannun kawai a fito da ita," in ji Oga Fayil. "Minti ɗaya ne. In ta mutu a nan wa zai amsa tambaya?"

Gaskiyarsa, minti ɗaya ne. Amma Baba Sannu ya san ƙarar da sandararren yatsa ke yi in aka tanƙwara shi da ƙarfi. Ya san in tsohuwar nan ta ji wannan ƙarar daga hannun ɗanta, ko an fito da ita da rai ba za ta daina jin ta ba, kuma ba za ta daɗe ba.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti ashirin," in ji shi. "A bar ni in yi mata siyasa."

"Ka sake ko? Baba, rai ake magana!"

Sista ce ta tare. "Ranka ya daɗe, ba irin taku ba. A bar shi." Sai ta matso kusa da Baba ta rage murya. "Ka ce mata barci yake yi, in ya farka za a kira ta. Ko me za ka ce, ka ce, ta dai fito."

Ya girgiza kai. "Ta haifi biyar ta binne huɗu, Sista. Ta fi ni sanin barci."

Ya kashe injin sanyi. Duk shekarun nan ba a taɓa jin ɗakin ba kukan inji ba, shirun da ya sauka kuwa sai da ya sa masu gadi suka ja da baya. Ya ɗauki bargo biyu, da fulas ɗin ruwan zafinsa, da tawul, da ɗan kwalbar man shafawa. Ya shiga, ya durƙusa a kan siminti daidai tsayinta.

"Sannu, Inna."

Ba ta dube shi ba.

Bai ce ta tashi ba, bai ce ta yi haƙuri ba. Bargo ɗaya ya fara lulluɓa wa mamacin, ya gyara masa shi har wuya. Sai a lokacin ta juyo da ido. Da ya yafa mata na biyun, ba ta ture ba.

"Wannan hannu na mai sana'a ne," in ji shi. "Dubi yadda tafin ya yi kanta. Me yake yi?"

"Kafinta ne." Da ƙyar maganar ke fita. "Gadon da nake kwana a kai shi ya yi."

"Allah sarki. Iyali fa?"

"Matar ta rasu wajen haihuwa. 'Yar ce kawai. Tana aji biyu."

"Tana gida ke nan?"

"Tana makaranta. Ƙarfe biyu ake tashinsu. Shi yake ɗauko ta a babur. Da ya kwanta, ni nake zuwa."

Baba Sannu ya dubi agogon hannunsa. Biyu saura minti ashirin da biyar. Ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ya naɗe hannayen biyu tare, na rayayya da na matacce. Sannan ya juya mata ƙeya, ya fuskanci gawar, ya yi magana da irin muryar da ake yi wa maƙwabci ta kan katanga.

"Auta, sannu da hutawa. Ni ne mai ɗakin nan, wurina za ka sauka. Magana na zo mu yi, ta manya. Na ga ka riƙe tsohuwa, ban kuma ga laifinka ba, ko ni ne haka zan yi. Amma dubi lokaci. Ka san wadda za ta tsaya a bakin ƙofar makaranta nan da an jima, da jaka a baya, tana leƙen hanya. Kai dai ba za ka je ba, ni da kai mun san wannan. Yau ba za ka je ba, gobe ma haka."

Tsohuwa ta yi wani sauti a maƙogwaro. Wannan ne karo na farko da aka faɗi maganar a gabanta ƙarara.

"To in ka tafi da Inna, wa zai je?" Ya zuba mai a tafinsa, ya kama ƙaramin yatsan mamacin yana murza gaɓar a hankali. "Yara za su watse, a bar ta ita kaɗai da mai gadi. Can wani baƙo zai zo da takarda a hannu ya gaya mata. Haka kake so ta ji? Ni ga abin da na kawo maka. Ka ba ni tsohuwa, ni kuma in zauna da kai. Ba zan kulle ka a akwati ba, ba zan bar ka kai kaɗai ba, har a zo ɗaukarka. Ban taɓa yi wa na ɗakin nan alkawari na saɓa ba, ka tambaye su."

Sista ta ce a daidai nan sai da ta waiwaya ta dubi akwatunan, don ta ji kamar ana saurare.

Ƙaramin yatsa ya miƙe. Ya koma na kusa da shi, yana murzawa yana sannu, yana ƙara ruwan ɗumi. Na biyu ya saki, na uku ya saki, na huɗu ya ɗan yi gardama shi ma ya bi. Ba a ji ƙara ko ɗaya ba. Saura babban yatsa, wanda ya danne bayan hannunta har ya yi shaida. Baba Sannu ya juya ya ɗauko kwalbar mai. Sista na tsaye a bakin ƙofa, mai tura gado na bayanta, kuma su biyun har gobe sun rantse cewa hannun Baba na kan kwalba lokacin da babban yatsan ya ɗaga. In ka tambaye shi, cewa yake ɗumi ne ya ratsa jijiya, ya canza zance.

Hannun kafinta ya kwanta a buɗe. Amma tsohuwa ba ta motsa ba, don nata 'yan yatsun suna nan a naɗe da tafinsa. Oga Fayil ya yunƙura zai yi magana, Sista ta dafe masa hannu. Baba Sannu bai taɓa ta ba. Ya mai da hannayensa kan gwiwa.

"Shi ya yarda, Inna," in ji shi. "Saura ke."

Ana jin ɗigar ruwa daga tawul zuwa siminti. Can sai ta sunkuya ta kai bakinta kunnen ɗanta, ta faɗi abin da ba wanda ya ji, ta zare hannunta. Sannan kukan ya zo, jikinta ya kama rawa, Sista ta ce ba ta taɓa murnar ganin mutum na rawar ɗari kamar ranar ba.

Aka so a kwantar da ita a ƙara mata ruwa, ta ce sai ta je ta dawo. Shayi mai zafi kawai ta yarda ta kurɓa a tsaye. Oga Fayil, Allah ya ba shi lada, shi ya kawo motarsa ba tare da an roƙe shi ba, Sista ta shiga baya ta rungume ta cikin bargo. Baba Sannu kuwa ya tayar da inji, ya jawo kujera, ya sa rigar sanyi, ya zauna a gefen kafinta. Bai ci abincin rana ba, bai motsa ba, sai da dangi suka iso da la'asar sakaliya.

Biyu da minti goma suka isa makaranta. Yara sun watse, saura yarinya ɗaya a bakin ƙofa da jaka a baya. Ta rugo ta kama hannun kakarta, sai ta tsaya cak.

"Inna, hannunki sanyi!"

Ta haɗa shi cikin tafukanta biyu tana hura masa iska.

Tsohuwar nan ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Ita ta gaya wa yarinyar da bakinta, a ɗakinsu, a kan gadon da uban ya ƙera. Ita ta rene ta har ta gama sakandare.

Ku da za ku gaji wannan ƙofa, da ku da ke zaune a ofis, da mu da ke da tsofaffi da 'ya'ya a gida, ranar da aka ce muku a fizge kawai minti ɗaya ne, ku nemi minti ashirin. Ku durƙusa daidai tsayin mutum, ku tambaye shi wa ya bari a gida. Kalmar nan tamu ce tun kafin a buga fosta, mu karɓo abinmu.

Kai kuma Baba Sannu, mai sallama ga waɗanda ba sa amsawa, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ka gama lafiya. Yarinyar nan yanzu malamar makaranta ce, tana da ɗa guda. Ka hana a gaya mata abin da ya faru a ɗakin sanyi, mun kuma kiyaye. Abin da ta sani kawai shi ne, ranar da babanta ya rasu kakarta ta makara da minti goma. A madadinta, ita da ba ta san kana duniya ba, mun gode.